Maganar Inna da Na Kasa Karɓowa

Shekarun baya, bayan na gama karatun lakol ina zaman kashe wando a Gazawa, abokina ya kira ni daga Maradi ya ce ya samo min abin yi. Wani kamfanin waje ne ke neman muryoyin Hausawa don ya koya wa na'urarsa ta ƙirƙirarriyar basira jin Hausa. Aikin ba wuya: ka sa manhajarsu a waya, ka ɗauki hirar mutane, da an samu rezo, wato sabis na waya, ta tura musu da kanta. Ya ce hirar mata ta cikin gida suka fi so, ta maza ta yi musu yawa. Nan da nan na fara jin kaina ma'aikaci, har tafiyata ta canza.

Sai dai matan gidanmu da sun ga waya a hannuna sai baki ya mutu. Daga “lafiya lau” sai dariya a rufe fuska. Inna mahaifiyata kuwa ba a ma maganarta, don ni ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai “wannan yaron”. Ko fura za ta ba ni, ƙanwata take ba wa ta miƙo min. Na san al'ada ce, amma ba zan ɓoye muku ba, akwai lokacin da nakan ce anya matar nan tana sona kuwa?

Da lokacin kaka ƙanwar Inna ta zo daga Agiye. Wani hantsi suna zaune gindin bishiyar bedi suna ɓarar gyaɗa, hira ta yi daɗi, sai dabara ta zo min, irin dabarar marasa hankali. Na kunna wayar, na tura ta ƙarƙashin wani faifai kusa da su, na ce na tafi kasuwa. Tun wajen kunnawa manhajar ta tambaye ni ko masu maganar sun yarda a ɗauke su. Na danna “e” ko tsayawa ban yi ba.

Sai bayan kwana biyu na saurara, lokacin tuni manhajar ta tura. Da farko maganar tsadar taki ce da bikin wata ƴar uwa. Can sai na ji Inna ta ambaci sunana. Wallahi sai da na mayar baya sau uku. Tana ba ƙanwarta labarin shekarar da na yi ƙyanda ina jinjiri, kakata ke jinyata, ita kuwa ba halin ta ɗauke ni gaban surukai. Ta ce bayan rumbu take zuwa ta yi kukanta, ta wanke ido ta dawo ta ci gaba da daka. Ta ce har yau in na hau mota zuwa Maradi ba ta iya cin abinci sai ta ji na sauka.

Na yi kuka, ƙato da ni. Da na yi shiru da bakina da sauƙi, amma murna ta ɗebe ni na je na same ta a ɗaki na kunna mata. Ta saurara kanta a ƙasa. Da ya ƙare ba ta yi faɗa ba, ta tambaye ni ko wa da wa suka ji. Na shiga kame-kame, ina cewa ai ba mutane ba ne sosai, na'ura ce ke koyon Hausa da shi, ci gaba ne.

Ta ce, “Da ƴar'uwata na yi magana. Je ka karɓo min abata.”

Washegari na hau mota sai Maradi. Ni da abokina muka rubuta wa kamfanin, muka jira har sati biyu. Amsar da ta zo cikin ladabi take: za su iya cire sautin daga ma'ajiyarsu nan gaba, amma abin da na'urar ta riga ta koya ba ya fita. Suka kuma tuna min cewa ni da hannuna na tabbatar masu maganar sun yarda.

A hanyar dawowa na shirya ƙarya tsaf, zan ce an goge. Da na tsuguna gabanta sai na kasa, na faɗa mata yadda aka yi. Sai ta ce, “To na wayarka fa? Shi ma ba ya fita?” Na ce yana fita. Ta ce in goge tana gani. Na goge.

Ta yafe min tun tuni, uwa ce. Amma tun daga ranar, in ina gida hirarta ba ta wuce gaisuwa da maganar gona, ko da wa take zaune. Na daɗe ina zagin kamfanin nan, kuma har gobe ina ganin bai kamata a gina abin da ba ya iya mayar wa mutum maganarsa ba. Sai dai ba su suka san gindin bedinmu ba, ni na kai su. Yanzu ko hoton yaro zan ɗauka sai na tambayi uwarsa.

Abin da ke ci min rai shi ne, sau ɗaya tak a rayuwata na ji Inna ta kira sunana. Sautin yana can cikin na'urar mutanen da ba su san ta ba, ni kuwa ba ni da shi.