Ranar da Teku Ta Nemi Motar Kafilina

Ana sallame sallar asuba ranar Juma'a muka bar unguwar Al-Sulay ta Riyadh, mu uku, cikin farar akori-kurar kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar. Ya ara mini ita da sharaɗi ɗaya: ta dawo ba ko ƙwarzane. Shekara huɗu ina yi masa tuƙi, wata mai zuwa kuma iƙamata, takardar izinin zama, za ta ƙare, sabunta ta na hannunsa. Don haka tun daga Riyadh gabana ke faɗuwa, duk tirelar da ta gifta sai na yi salati. Abokan tafiyata, ɗan Maraɗi irina da wani ɗan Damagaram, suna ta yi mini tsiya wai kamar na ɗauko ƙwai.

Titin gabas sumul yake, ba abin kallo sai yashi da raƙuma. Kafin azahar muka isa ƙauyen bakin tekun da muka nufa. Ɗan ƙarami ne, masallaci ɗaya, shago biyu, sai rumfar kifi da jiragen masunta. A bakin ruwa an yi wuraren zama masu inuwa, har da banɗaki mai tsabta. Na ƙi ajiye motar a gefen titi, kada wani ya goge ta. Na hango wani shafaffen fili ba kowa, ruwa kuma can nesa. Na kai ta tsakiyarsa na kulle, ina yaba wayona.

Muka yi Juma'a, muka ci gasasshen kifi da shinkafa, araha kamar kyauta. Muna shan shayi wani dattijo masunci ya tsaya kanmu.

"Farar motar can ta wane ce?"

"Ni na zo da ita, baba."

"Yalla, tashi. Teku na dawowa."

A garinmu tafki ba ya cika sai da damina, ranar kuwa ko gajimare babu. Ashe wannan ruwa kullum sai ya ja baya ya komo, filin nan makwancinsa ne. Kafin na isa ya kai rabin taya. Na tayar, tayoyi suka yi ta juyi suna nitsewa. Tsoro ya kama ni sosai. Wallahi ba motar nake gani ba, jirgin komawa gida nake gani hannu rabbana.

Dattijon ya kira masunta, suka rage iskar tayoyi, suka ɗaura igiya, wata babbar mota ta fizgo mu. Ya ce in wanke ƙasanta a ranar, gishiri ba ya raga wa ƙarfe.

Sau biyu aka wanke ta kafin mu shiga Riyadh. Washegari kafil ya zagaya ta yana yaba tsabta, ni kuwa na kasa riƙe maganar, na faɗa masa komai. Sai ya ce shi haihuwar Riyadh ne, bai san halin teku ba, da shi ma a filin zai ajiye ta. Ya ce in kawo fasfona ranar Lahadi a sabunta iƙama.

Abin da na koyo, baƙo makahon gari ne. In ka ga 'yan gari sun bar fili ba kowa, tambaya, akwai mai shi.