Libarba Mai Ƙotar Tagulla

Shekarun da na yi ina fitowa a fim ɗin Hausa, kusan dukansu a mugu na fito. Fuskata ce ta ja min: ga faɗin goshi, ga jajayen idanu, ga murya kamar ana jan buhu a kan siminti. Da darakta ya ga labari yana da shugaban ɓarayi, wanda muke kira bos, ni ake aika wa. Ban taɓa jin haushin haka ba. Jarumi ya je ya yi ta waƙarsa a cikin furanni, ni ina da abin da ya fi min wannan, ina da libarbar Baba, ƙaramar bindigar hannu.

Ofishin kamfaninmu yana saman wani bene a unguwar Gyadi-Gyadi, teloli a ƙasa, mu a sama. Ɗakin ƙarshe shi ne sito, inda ake ajiye kayan wasa: kaki, rawuna, gemun ƙarya, bindigogin roba da na katako. Mai riƙe da makullin wani dattijo ne mutumin Filato, Kirista, da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya ƙi zaman gida. Kowa Baba yake ce masa, har darakta. Duk abin da ke ɗakin na kamfani ne, ban da libarbar, ita tasa ce. Mahaifinsa ya yi wa wani Baturen haƙar kuza aikin kuku, da Baturen zai koma ƙasarsu ya ciro ta daga bangon falo ya ba shi. Ta ado ce tun asali, bakinta a toshe yake, ko ƙadangare ba za ta kashe ba. Amma ƙarfe ce ta gaske, mai nauyi a hannu.

Ƙotarta ce ta sa ta fita daban. Baƙin katako ne gefe da gefe, sai tagulla ta kewaye shi: ta gangaro ta baya inda tafin hannu yake zama, ta zagaya ta ƙasa, ta hauro ta gaba ta yi wa kunamar bindigar zobe. Baba yana goge ta da lemon tsami da toka har ta koma kalar zuma. Ka ɗauke ta da safe ka ji ta sanyi ƙalau, kafin a gama ɗaukar fitowa ɗaya ta kwashi ɗumin hannunka. Baba ba ya barin ta ta je wurin ɗaukar fim sai da shi. Shi zai miƙo min, da an ce an gama kuma ya miƙo hannu.

Irin ta da ce. Kafin kowane harbi sai ka ja ƙarfen da ke bayanta da babban yatsa, gangar harsashi ta juya ta ce ƙas-ƙas, sannan ka taɓa kunama. Ni kuwa babban yatsana na dama ya taɓa karyewa a wurin ƙwallo, bai ƙara miƙewa daidai ba, don haka da hannun hagu nake ɗana ta. Darakta kan ce wa mai kyamara, "Koma kan fuskarsa," har in gama. Haka muka yi ta yi, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Ana nan sai ɗan kawuna ya zo daga ƙauye neman abin yi. Magidanci ne, dogo, mai sanyin magana, na girme shi da kaɗan. Ni na tsaya masa ya samu Adaidaita Sahu, ni na nema masa ɗaki a Tarauni, ni kuma na roƙi darakta a riƙa ba shi aikin kai mu wurin ɗauka da kayanmu.

Wata rana muna aiki a wani gida da ba a gama ginawa ba a Hotoro, wanda zai fito a yaron bos bai zo ba. Rana tana yi, darakta yana ta huci. Ya waiwaya ya ga ɗan kawuna a kishingiɗe cikin kekensa yana cin gyaɗa.

"Kai, zo nan. Ba magana za ka yi ba. Bos zai miƙo maka bindiga, ka riƙe, ka tsaya a bayansa. Shi ke nan."

Ɗan kawuna ya dube ni. "Yaya, in zo?"

"Zo mana," na ce, har da dariyata.

Aka fara ɗauka. Na miƙa masa libarbar ta kan kafaɗata ban waiwaya ba, kamar yadda bos yake yi. Sai na ji ƙas-ƙas a bayan kunnena, a tsabtace, da hannu ɗaya. Ba wanda ya sa shi. Daga baya ya ce min yatsansa ne kawai ya sauka a wurin.

Darakta ya miƙe daga kujera. "Sake yi!"

Ya sake. Aka ce in ɗan matsa gefe, mai kyamara ya matso har kan hannunsa. Dogon yatsan nan ya hau ƙarfen a hankali, hasken rana ya bugi tagullar ta tsakanin yatsunsa. Baba, wanda na yi shekaru ban ga haƙoransa ba, ya yi dariya har da tafi.

"Yau ta samu hannu," in ji shi.

A hanyar komawa ina zaune a bayan keken ɗan kawuna, ina kallon hannunsa a kan kambun tuƙi. Yana ta ba ni labarin tsadar mai. Ban ji ko ɗaya ba.

Fim na gaba shi aka ba bos. Ni aka ce in fito a babban yaronsa, aka miƙo min bindigar roba wadda fentinta ya fara ɓarewa. Darakta ya dafa ni ya ce, "Kai ne za ka riƙa gyara masa magana, ka san bai goge ba." Na gyara masa. Na koya masa yadda ake zare ido, da yadda ake yin shiru kafin a faɗi magana mai zafi. Yana cewa, "Na gode, Yaya, Allah ya bar zumunci," ni kuwa kowace godiya kamar ana zuba min barkono a ciwo.

Da fim ɗin ya fita aka liƙa hotonsa a bakin kasuwar Tarauni, ya ɗaga libarbar kusa da kumatunsa, tagullar ta fi fuskarsa haske. Mai naman da na yi shekaru ina saye a wurinsa, wanda da yake ce min bos, ya hango ni ya ɗaga wuƙa ya ce, "Yayan mai tagulla! Yau na nawa za a yanka?" Na ce wucewa nake yi. Ranar miyar kuka muka sha babu nama.

Amma abin da ya fi ci min rai ba a kasuwa na gan shi ba. Wata Asabar da hantsi na hau bene, na tarar da ƙofar sito a buɗe. Baba da ɗan kawuna suna zaune a kan tabarma, ga lemon tsami a yanke, ga toka a murfin gwangwani. Libarbar tana kan cinyar ɗan kawuna, yana murza tagullar da tsumma, Baba yana nuna masa lungun da ke bayan kunama inda tsanwa take taruwa. Yana kuma ba shi labarin mahaifinsa, da gidan Baturen, da sanyin garinsu. Ni ban taɓa jin rabin labarin nan ba. Na yi sallama, suka amsa, na ce mantuwa na yi, na sauko.

Na ƙudura sai na yi tawa. Na ɗauki wata bindigar katako na kai wa wani maƙerin tagulla a cikin gari, na zana masa yadda nake so a ƙasa da tsinke. Ya yi iya yinsa. Da na karɓo sai ga ta rawaya shar kamar sabuwar buta, ga kauri, ƙotar ta fi ƙarfin tafin hannuna. Matata ta juya ta, ta juya, ta ce, "Wannan ai sai dakan yaji." Duk da haka na kai ta wurin aiki. Mai kyamara ya leƙa ya ce tana kashe masa ido, a ba ni ta robar.

Da yamma na tsaya taya Baba kwashe kaya, abin da ban saba yi ba. Da muka rage mu biyu na kasa haƙuri.

"Baba, shekara nawa ina riƙe bindigar nan? Ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa in goge ta ba."

Ya ci gaba da naɗe rawani bai dube ni ba. "Ɗana, ka taɓa tambaya? Kai da ka miƙo min ita sai ka nemi sabulu, ka ce tana sa maka ƙarni a hannu. Shi ya zo ya ce in nuna masa."

"To ai da ka faɗa min."

"In faɗa maka me? Ba ka yi laifi ba. Kamo min wancan akwatin."

Na kama. Har muka sauko da shi ban yarda ya fi ni gaskiya ba.

Bayan damina 'ya'yan Baba suka matsa masa ya koma gida Filato, ƙafa ta fara ba shi wahala. Na yi kwanaki ina saƙe-saƙen wa zai bar wa libarbar. Na riga na shirya fuskar da zan yi idan ya ba ɗan kawuna. Ranar tafiya muka raka shi tasha, ya yi mana addu'a, ya shiga mota da jakarsa a kan cinya. Bai bar wa kowa ba, jikansa zai kai wa.

A hanyar dawowa na ce wa ɗan kawuna, ina satar kallonsa, "Ka yi rashi."

"Wallahi Yaya na huta," in ji shi. "Nauyi gare ta, wuyan hannuna har ciwo yake. Ni fim ɗin ma ya ishe ni, a wuni ana sake abu ɗaya. Keken ya fi min kwanciyar hankali."

Da ya ce ya yi baƙin ciki da na ji sauƙi. Abin da ya hana ni sukuni wata da watanni, shi ashe ɗawainiya ya ɗauke shi. Bai ƙara fitowa a fim ba. Ya ɗauko iyalinsa daga ƙauye suka koma unguwar Daurawa, muna zumunci har gobe. Aka mayar min da bos ɗina, na ci gaba da zare ido da bindigogin roba har na bar sana'ar.

Kwanan baya 'ya'yana suka tono fim ɗin nan na Hotoro a waya, suka taru a tsakar gida suna kallo. Da aka zo wurin da kawunsu yake ɗana libarbar suka yi ihu, suka mayar baya, suka sake mayarwa. Ƙaramarsu ta ɗago ta ce, "Abba, kai kana ina?"

Na sa yatsa a gefen hoton, inda wata kafaɗa ta ɗan leƙo cikin baƙar riga. Ta duba, ta gyaɗa kai, ta ce wa yayanta ya ƙara mayarwa.