Tulun Inna, Lambar Yabon Baturiya

Tun ina yarinya na san akwai wata Baturiya a ƙasar Faransa da take karɓar lambobin yabo, mahaifiyata kuma tana murna a Makka kamar ita aka ba. Na ji labarin har ya ginshe ni.

Ga yadda Inna take ba da shi. Tana budurwa a wani ƙauye wajen Tawa, Turawa suka zo da motoci da na'urori za su ɗauki fim. A cikinsu akwai 'yar wasa, doguwa, wadda labarin ya ce ta baro mutanenta ta zauna cikin mutanen ƙauye. Akwai wurin da za ta ɗauko tulu daga rijiya, ta hau tudun rairayi da shi a ka, an lulluɓe ta da baƙin zane tun daga kai har ƙasa. Ta yi ta fasa tuluna, mai ginin tukwanen garin tana godiya ga Allah. Da suka gaji sai suka duba cikin 'yan matan da suka taru kallo, suka ga wadda tsayinsu ya zo ɗaya. Aka naɗe Inna da zanen, aka ce ta yi tafiyarta, kada ta waiwayo. Ta yi. Aka ba ta turmin atamfa da madubi, Turawa suka kwashe kayansu suka tafi.

Ba a jima ba ta yi aure, suka kamo hanyar gabas ita da mahaifina, ta Cadi da Sudan. A hanya aka haife ni. Ba ta taɓa ganin fim ɗin ba. Wani alhaji ɗan garinsu da ya yi karatu a Faransa ne ya gaya mata, shekarar da ya zo aikin Hajji, cewa a kan wannan fim Baturiyar ta sami lambar yabonta ta farko, kuma wurin tulun ne mutane suka fi magana a kai.

Daga nan Inna ta sa mata ido ta rediyo. Tana jin Faransanci gwargwado, rediyonta kuwa ba ya rabuwa da matashin kanta. An ba matar lamba da ta fito a matsayin alƙaliya, an sake ba ta da ta fito mahaukaciya. Wata shekara gwamnatinsu ta rataya mata wani abu a wuya, wata shekarar kuma wasu ƙasashen suka kira ta suka ba ta gunki mai ruwan zinare. Duk ranar da aka faɗa sai Inna ta ƙwala mini kira. Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kama sunana ba.

"Ke! Mun sake ci."

"Inna, ku da wa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan."

"Rufa mini baki. Wa ya buge ni? Tahiya kawai na yi."

A shekarun da ake faɗaɗa Harami, ana rushe tsofaffin unguwanni, muka koma unguwar Ka'akiyya inda haya take da sauƙi. A nan gwiwoyin Inna suka ƙi. Ni ce wanka, ni ce ɗagawa, ni ce tura keken guragu. Da aikin Hajji ya zo kuma in tashi in tuƙa tuwo in kai wa alhazai a unguwar Kudai, in dawo bayana kamar zai rabe biyu, in tarar na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani babu sanyi, tankin ruwa ya ƙafe, Inna tana jira ta ba ni labarin wata mata mai saka rigar siliki a Turai. Wallahi akwai ranakun da nake jin haushin Baturiyar nan kamar ta taɓa yi mini wani abu. Sa'ar Inna ce, amma ita har lokacin tana hawa dandamali da ƙafafunta.

'Yata a Makka aka haife ta, Larabci ya fi sauƙi a bakinta, Hausarta a karye take. Tsakaninta da Inna akwai wasan jika da kaka, sitti take ce mata, wato kaka da Larabci. Duk lokacin da aka tayar da zancen tulu sai yarinyar ta kwashe da dariya.

"Ya sitti, inti? A fim? Wallahi ƙarya kabira."

Inna takan rama, ta ce mata mai ƙafar zabo, wadda ko kofin shayi ba ta iya kaiwa falo ba tare da ta zubar ba. Su yi dariya su duka. Amma wata rana ina shafa wa Inna man zafi a gwiwa, sai ta ce, "Ɗiyar nan ba ta san ni tsaye ba. Tun da ta yi wayo, zaune nike." Na ci gaba da shafawa. Ta ce, "Ina son ta gan ni sau guda."

Ban san inda zan samo mata fim ɗin da ya girme ni ba, a ƙasar da a lokacin ko gidan silima babu.

Sai ga shi rediyo ta faɗa cewa an tara manyan 'yan wasan Faransa an ba Baturiyar lamba ta dukan aikin rayuwarta. Yarinyar tana ɗakin, ta ji sunan, ta danna a wayarta don ta sami abin tsokanar kakarta. Ba a yi nisa ba ta samo bikin gaba ɗaya. Bayan La'asar ne, ina kicin hannuna dumu-dumu da ƙullin masa. Kafin in wanke in fito ta turo keken Inna falo, ta haɗa wayar da talabijin, kuma ta yi abin da ni ba zan taɓa yi ba. Ta leƙa ɗakin karatu ta kira ubanta.

"Baba, ta'al shuf! Zo ka ga fim ɗin sitti."

Mijina, Malam, mutumin Kano ne, karatun hadisi ya kawo shi Makka ya zauna. Shekara da shekaru suna gida ɗaya da Inna, amma ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba. In ya shigo gaishe ta da safe yakan durƙusa daga bakin ƙofa, ita kuma ta ja mayafi ta juya fuska bango ta amsa. Yarinyar ta tashi tana ganin haka, ta ɗauka halin tsofaffi ne kawai. A gidajen ƙawayenta suruka da suruki tare suke shan gahawa suna musu a kan ƙwallo.

Ya fito da littafi a hannu bai san me ake ciki ba, ya zauna a gefen kujera. Na so in ce a kashe, amma an riga an fara.

Ga Baturiyar, gashi fari fat, tsaye kyam ba sanda. Jama'a sun miƙe suna ta tafi. Ta rungume gunkin da aka ba ta tana share hawaye. Sannan aka rage fitilu aka fara nuna guntayen finafinanta, daga na baya-bayan nan ana komawa baya. Inna ta miƙa wuya, hannunta ya damƙe ƙarfen keken. Can sai ga tudun rairayi, ga wata mace daga nesa cikin baƙin zane, tulu a ka, ba ta riƙe shi ba.

Na gane ta tun kafin ta yi taku uku. Na yi shekaru ina bin wannan bayan a kasuwar Zahir, na san yadda kafaɗar hagu take ɗan sauka in ta ɗaga ƙafa. Sai dai ban taɓa ganinta da wannan yangar ba. Tafiyar budurwa ce wadda ta san ana kallonta, ƙugu yana kaiwa yana kawowa, wuya a miƙe, ko ɗigon ruwa bai zuba ba. Masu fim suka bar ta tana hawa a hankali, mutanen zauren bikin suka sake ɓarkewa da tafi. Idona ya cika.

Malam ya sunkuyar da kai cikin littafinsa. Ya kasa tashi, don tashinsa zai nuna ya gani. Yarinyar kuwa dariya ta ɗauke mata, ta durƙusa a gaban keken, muryarta ta yi ƙasa.

"Sitti, hadi inti? Ke ce?"

Inna ta dubi talabijin. Ta saci kallon gefen da Malam yake. Ta ja mayafinta har ya rufe rabin fuska.

"Ba ni ce ba."

"Sitti, duba sosai."

"Na ce ba ni ce ba. Wata ce. Ke, zo ki mai da ni ɗaki."

Yarinyar ta miƙe ta tafa hannu. "Ai na faɗa!" Na ji kamar in kai mata mari, amma me ta sani? Na tura keken muka fita.

Washegari na zaunar da ita na yi mata bayani, da Hausa da Larabci, cewa babu macen da za ta nuna wa surukinta ƙugunta ta ce nawa ne. Ta ce, "Bas Baba ne fa!" Daga baya ta ce to ta yarda, irin yardar da ake yi wa mutum don ya yi shiru. Ta je ta sake tambayar kakarta su biyu, Inna ta ce mata ta riga ta ba ta amsa. Malam bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai ya ƙara daɗewa a waje. Rediyon ma Inna ta daina kunnawa, ta ce batir yana cin kuɗi.

Na bar ta ta yi kwanaki. Wata safiya Malam ya fita, na rufe ƙofa, na zo da wayar na zauna a bakin gadonta.

"Inna, babu kowa. Bari in kira yarinyar mu sake kallo mu uku, ki gaya mata da bakinki."

"Magana zarar bunu ce," in ji ta. "Na ce ba ni ba, gaban ubanta. In koma in ce ni ce, wace za ta ɗauka? Ta san dai a ɗaya na yi ƙarya."

"To ki kalla ke kaɗai."

"Na gani. Ya ishe ni."

Ta gyara kwanciya, na ɗauka ta gama. Sai ta ce in shirya keke ranar da na sami sarari in kai ta Harami, tana da gafarar da za ta nema. Na tuna cunkoson, da ƙurar gini, da hawan da zan tura ta, jikina ya yi nauyi tun daga zaune. Na ce to. Na tambaye ta ko saboda fim ɗin ne.

Ta harare ni.

"Saboda ƙaryar mana. Tahiyar mi ta yi? Ba ki ga ta yi kyau ba?"