Lawali Ba Ya Barin Na Baya

Lawali ya rasu.

Da safen nan ƙaninsa Basiru ya kira ni, ina shirin fita aiki a nan Gummi. Da farko ban ma gane muryarsa ba. Ya ce, "Yaya Kabiru, sun kashe muna Lawali." Na zauna a dakalin ƙofar gida da takalmi ɗaya a ƙafa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutanen Anka sun san shi da Lawali mai gyaran rediyo. Ni tun muna yara a can na san shi, kuma gem ne ya haɗa mu.

Wani malamin asibiti ne, Kirista daga Filato, ya kawo wa ɗansa irin gem ɗin nan da ake jonawa da talabijin. Da aka yi masa canjin wurin aiki, na'urar ta riga ta lalace, sai ya bar wa Lawali ita don ya ga shi yaro ne da ba ya rabuwa da wayoyin wuta da sukundireba. Lawali ya tayar da ita. Daga ranar zauren gidansu ya zama namu.

Kaset ɗaya tak ke aiki, shi ma sai an hura masa iska. Sojoji biyu ne a ciki, babu riga, suna gudu suna harbi cikin daji. Harsashi ɗaya ya taɓa ka, ka mutu. Idan rayukanka suka ƙare, ka koma farko, babu wani ajiye inda ka tsaya. Adafta idan ta yi zafi, a kan jiƙaƙƙen yashin gindin randa muke ɗora ta ta huce.

Yaran yanzu masu gem a waya, ku yi dariyarku. Ba za ku iya minti biyu a ciki ba.

Ni ma dai ban iya ba, gaskiya. Hannuna a kan madannan nan kamar na mai daka a turmi. Ba wanda ke son ya yi wasan mutum biyu da ni, kuma ban ga laifinsu ba.

Akwai wani wuri a gem ɗin da ake hawa duwatsu a gefen ruwa mai zubowa. Allon yana bin wanda ke gaba ne. Idan na gaba ya yi sauri ya haye, allo ya tashi da shi, na baya ya faɗa ƙasa ya mutu ko harsashi bai taɓa shi ba. Faɗan da aka yi a zauren nan saboda wannan wuri, Allah kaɗai ya san yawansa.

Lawali ba ya hawa sai na iso.

Zai tsaya a kan dutse ana yi masa ruwan wuta, yana kaucewa, yana cewa, "Taho dai, Kabiru, tsallaka. Ina nan, ba ni tahiya." Yara su yi ta ihu a bayanmu, "Ka bar shi, Lawali, wanga ba ya da hannu!" Shi kaɗai yakan kai ƙarshen gem ɗin ba wahala. Da ni kuwa ba mu taɓa kaiwa ba, kullum wurin jirana ake kashe shi.

Na taɓa tambayarsa me ya sa. Ya ce, "In na kai ƙarshe ni ɗai, wa ni ka ba labari?"

Inna, mahaifiyarsa, ita ke korar mu idan an kira salla. Ta leƙo ta ce, "Ku tashi, ku da sojojin naku marasa riga!" Idan mun dawo daga masallaci mu tarar ta ajiye mana hoce, wainar dawar nan, a faifai.

Muka girma, halin bai canza ba. Lokacin da babana ke kwance a asibiti ana tsakiyar zafi, Lawali ne ya haɗa wata 'yar fanka da batirin babur ya kawo ya ajiye a gefen gadon. Ban roƙe shi ba, ban ma san ya ji labari ba.

Bayan rasuwar mahaifinsu, Inna ta koma ƙauyensu can wajen Nasarawa Burkullu. Kun san yadda yankin ya zama. Mutane na ta tashi, ita ta ce ba inda za ta, ga gonarta ga awakinta. Ni kuma na samar wa Lawali wuri a birni, shago mai kyau, na dame shi da waya. Amsarsa ɗaya ce kullum: ba zai yi nisa da Anka ba Inna tana can.

Ganinmu na ƙarshe da sallar layya ne. Na shiga shagonsa na tarar da tsohuwar na'urar nan a kan benci, ya sake tayar da ita, wayar ɗaya daga hannuwan da ake dannawa an naɗe ta da salatif. Ya miƙo mini hannun ya ce, "Zamna mu gani ko ka koyi wani abu."

Na lura babu sauti. Na ce ya ƙara murya mana. Ya girgiza kai ya ce, "Bar shi hakanan. Mun ji ta gaske, ta ishe mu."

Haka muka buga shiru, mu biyu da furfura a gemu. Muka zo duwatsun. Ya tsaya yana jirana kamar dā, aka harbe shi a wurin, ya yi dariya har da buga cinya. Na sake yi masa maganar birni, har na ɗaga murya. Ya ce, "Kabiru, in na yi gaba, kai ka san abin da ka samun na baya. Bari dai Inna ta yarda ta taso."

Jiya ta yarda.

Ga abin da Basiru ya faɗa mini. Shi da Lawali suka je ɗauko ta. Sun taso daga ƙauyen da rana cikin ayarin babura, don yanzu ba a bin hanyar nan a ɗaiɗai. Kuma kowa a ayari ya san ƙa'ida: idan aka ji harbi, ba a tsayawa, ba a waiwaye. Basiru ne ya goyo Inna, Lawali ya ɗauko buhunanta yana can gaba. A wani rafi mai yashi babur ɗin Basiru ya mutu, ya ƙi tashi. A daidai nan aka fara jin harbi daga cikin itatuwa.

Lawali ya riga ya haye. Ya juyo.

Ya yanke igiyar buhunan, ya ɗora Inna a nasa babur, ya ce wa Basiru ya ja, don ya fi shi iya gudu a yashi. Ya ce shi zai tayar da ɗayan ya biyo su. Da safen nan aka je aka ɗauko shi a gefen babur ɗin, fulogi na hannunsa.

Kada wanda ya zo mini nan ƙasa yana cewa da ya gudu da ya tsira. Na sani. Shi ma ya sani. Kuma kada in ji wani ya taɓa Basiru, abin da wansa ya ce ya yi shi ya yi.

Inna tana Anka, ko ƙwarzane babu a jikinta. Basiru ya ba ta wayar. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, "Kabiru, na ce ma Basiru shi tsaya, bai tsaya ba. Shekara da shekaru yaron ga na jirana. Ni ko ɗan kaɗan ban jira shi ba."

Ban san me na ce mata ba.

Bayan azahar za a yi jana'iza. Na je tasha, direbobi sun ce babu motar da za ta bi hanyar Anka sai an ji yadda ta kwana. Na roƙi Basiru ko za a ɗan jinkirta. Ya ce, "Yaya, ka sani ba a aje gawa."

Na sani. Yau ma ni ne a baya, kuma wanda ya saba tsayawa ya jira ni shi za a ɗauka.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Lawali, ka karɓi shahadarsa, ka yalwata masa kabarinsa. Ka sanyaya zuciyar Inna, ka cire mata wannan nauyi da ta ɗora wa kanta. Ka kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi masa addu'a, ko da bai san shi ba. Ku sa Inna a ciki, ita ce ta fi mu buƙata yau.