Ranar da Inna ta shiga aji

Shekarun baya, da ƴan bindiga suka tashi ƙauyenmu, na tsallako iyaka da mahaifiyata da iyalina, muka sauka kusa da Gidan Sori. Wani dattijo ya ba mu ɗaki biyu da gefen gonarsa.

Ba a jima ba aka buɗe wa manya aji a ƙarƙashin rumfar zana, don mu koyi ɗan Faransancin asibiti da na buro, wato ofis. Dariya na yi, na ce Bahaushe ne za a koya wa magana a ƙasar Hausa? Sai da matata ta kwanta ciwo, likita ya ce in dawo da ita "apremidi", na yi ta bin ɗakunan asibiti ina tambayar ina ne Apremidi. Ashe bayan azahar yake nufi. Washegari ni na riga kowa zama a kan tabarma.

Mahaifiyata kam ta ƙi. Matar mai masaukinmu ta yi lallashi har ta gaji.

"Inna, ko gaisuwa ki koya," na ce mata.

"Wanda zai zauna shi ke koyo," ta ce. "Ni baƙuwa ce. Ruwa na sauka zan koma in yi shuka."

Ruwa ya sauka, aka yi girbi, ba mu koma ba. Sai ƙaninta ya iso daga can, ya ce mata ba kowa a garin, ciyawa ta rufe har ƙofar masallaci. Ba ta yi kuka a gabanmu ba.

Wata safiya muna aji, sai ga ta da mayafinta, ta zauna can baya cikin mata. Mushe, wato malaminmu, yana bin mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi inda yake zaune da Faransanci. Da ya zo kanta ya rage murya.

"Inna, in kina so ki faɗi garinku na can, ba laifi."

Ta girgiza kai.

"A'a, ɗana. Sake faɗa mini kalmar."

Ya maimaita. Ta karkace baki ta ce, "Jabit... Gidan Sori." Matan suka saka guɗa, ni kuwa na sunkuyar da kai kamar wani abu ya faɗa mini a ido.

Yanzu ni ke raka sababbin zuwa asibiti ina yi musu tafinta. In na haɗu da tsohon da ya ƙi zuwa aji, ba na matsa masa. Na san ba karatun ke ba shi tsoro ba, bankwana da gida ne bai shirya ba tukuna.