Fanus ɗin da Aka Zana da Hagu

Ni fa ba a makaranta na koyi haɗa gem ba. Karatun Shari'a ne ya kai ni Alƙahira, amma a wani shagon intanet da ke bayan masu sayar da littattafai a Darrasa na gano yadda ake sa ɗan mutum ya yi tsalle a kan allo in an danna maɓalli. Ranar da nawa ya yi tsalle, wallahi sai da na miƙe tsaye ni ma. Na ishi 'yan ɗakinmu da nuni, har suka riƙa kama haddarsu da ƙarfi in sun ga na ɗauko kwamfuta.

A haka na samu shiga wani ɗan kamfanin haɗa gem a Giza, ɗaki biyu ne kawai a saman shagon mai matse rake. Mai wurin Bamisire ne, kowa Bashmuhandis yake ce masa, wato babban injiniya. Ni aikina tsara matakai da gwada su.

Satin farko, abu ya ƙi yi mini, na ja tsaki na yi mita da Hausa. Sai na ji daga bayana an ce, "Sannu, ɗan ƙasar kakana." Na waiga. Mai zanen kamfanin ne, dogo, baƙi, da alƙalamin zane a bayan kunne. Ashe Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso za su Makka a ƙafa, suka yada zango a Gadarif, zangon ya zama gida. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, ga Larabcin Sudan a tsakiya. Ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa. Shi kuma Ƙaramin Shehi yake kirana, kullum sai ya tambaye ni ko na samo masa fatawar cewa zana kyanwa mai takalmi halal ne.

Hannun Yaya abin kallo ne. Rubutun Larabci na ado ya fara koya tun yana yaro, shi ya sa layinsa ba ya rawa. Zai ja da'ira sau ɗaya, ka rantse da kofi ya zagaya.

Gem ɗin da muke yi na azumi ne, a bazarar 2014. Wata yarinya ce ke bi lungu-lungu tana kunna fanus, fitilun nan masu gilashi kala-kala da Misirawa ke ratayawa a watan Ramadan, kuma dole ta gama kafin a buga igwar shan ruwa. Ina son gem ɗin nan kamar me. Yaya ya ƙi yarda a maimaita fitila ɗaya a ko'ina. Ranar Juma'a yakan je wurin maƙeran fanus ya zauna yana kallon yadda suke lanƙwasa gwangwani, ya dawo ya zana wa kowane mataki nasa.

Matsalar ita ce wata ba ya jira. Kamfanin da zai sa tallarsa a ciki ya ce ko ranar ɗaya ga azumi, ko a bar maganar. Mu kuwa ko rabi ba mu kai ba. Ga shi shekarar ana ɗauke wuta kamar an yi gasa, kana tsakar aiki fanka ta tsaya, allon ya yi baƙi, kowa ya ce innalillahi a harshensa. Muka daina zuwa gida sosai. Shi kansa Bashmuhandis a kan darduma yake kwana, ba zan ce mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi. Kalmarsa ɗaya ce, yalla, wato a yi sauri, sai kuma ma'alish, wato a yi haƙuri.

Aka ga wata, muka saki gem ɗin yadda yake. Yarinyar tana shiga bango ta maƙale, igwa tana tashi kafin lokaci, wasu wayoyin ma ba ya buɗewa. Mutane suka yi ta zagi a ƙasan shafin da ake sauke shi. Bashmuhandis ya yi alkawarin gyara da sabbin matakai kafin Sallah. Wato aikin da muka zata ya ƙare, yanzu ya fara, kuma da azumi a bakinmu.

Na lura Yaya ya rage surutu. Na ga yana yawan yarfe hannu, yana sa shi a ƙarƙashin famfo, ya kuma koma sa riga mai dogon hannu a wannan zafin. Da na tambaya sai ya ce sauron Hadayik el-Ma'adi ne, unguwarsu, wai har takardar zama suke tambaya kafin su ciji mutum. Na yi dariya na koma kan allona.

Wajen tsakiyar wata na matsa masa ya biyo ni Darrasa shan ruwa. Akwai wani dattijo Bakano mai sayar da turare da ya daɗe a can, shi yake tara ɗalibai, a dama kunu, a zuba shinkafa da wake a babban faranti. Muka zauna a da'ira, aka kira salla, aka ci dabino. Da aka sa hannu a faranti, sai dattijon ya tsaya da lomarsa a sama yana kallon Yaya.

"Ɗan nan, da hagu? A cikin jama'a, a watan azumi?"

Wani ɗalibi ya fara janyo hadisi, dattijon ya ɗaga masa hannu. Yaya ya sunkuyar da kai, ya ce, "A gafarce ni, Baba." Ya ɗago daman ya kai faranti. Yatsun suka taɓa shinkafar amma suka ƙi dunƙulewa. Ya sake gwadawa, ƙwayoyin suka zube masa a gwiwa. Da hannun rigar ya ja baya, sai ga wuyan hannun a naɗe da bandeji, ya kumbura.

Dattijon ya tashi da kansa ya ɗauko cokali, ya goge da gefen rigarsa, ya sa masa a hagun, ya tura masa naman da ke gabansa.

A hanyar zuwa metro, jirgin ƙasan cikin gari, Yaya ya gaya mini. Likita ya gan shi tun kafin azumi, ya ce jijiyar ce, ya ajiye alƙalami kwata-kwata har sai ta huce, in ba haka ba zai yi da-na-sani. Ya faɗa wa Bashmuhandis, shi kuma ya riƙe kansa da hannu biyu ya ce ma'alish, bayan Sallah ya huta wata guda cur. Babu wani mai zane sai shi. Na ce to ni zan kwafi tsofaffin fitilun na canza musu kala, wa zai gane? Ya ce shi zai gane. Ya ce wannan ne abu na farko da zai iya nuna wa mahaifiyarsa a waya ya ce ga aikinsa, ba zai nuna mata fitilar aro ba.

Na yi ta roƙo, har na kai maganar gaban Bashmuhandis, aka rage matakan. Amma na ƙarshen yana nan, babban titi mai cike da fanus. Hannun daman ya kai inda ko alƙalamin ba ya riƙewa. Sai Yaya ya juya allon zanen ya koma hagu. Ina gefensa ina ji yana ja yana gogewa, yana ja yana gogewa, kamar yaron da aka sa a makaranta jiya.

Muka saki gyaran ana jibi Sallah. Wani ya rubuta cewa fitilun ƙarshe sun karkace, ko mai zanen barci yake ji. Ban nuna wa Yaya ba, amma na san ya gani. Bayan Sallah kuwa wa zai buga gem ɗin azumi? Aka sauke fanus daga tituna, namu ma aka manta da shi.

Ya yi hutun watan, ya ƙara wani. Kumburin ya sauka, amma yatsu biyu ba su dawo daidai ba, layinsa ya koma rawa. Da sanyi ya shigo ya ce zai koma Gadarif, kawunsa yana da shagon riɗi, ana neman mai zama.

Na raka shi tashar jirgin ƙasa da hantsi. Ya miƙo mini daman, na tarbe shi da hannu biyu a hankali.

"Riƙe sosai mana, Ƙaramin Shehi," in ji shi. "Ba ƙwai ba ne."

Na matse. Na jira ya matse nawa, na ji yana ƙoƙari.

Gem ɗin yana nan a tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi, an daɗe da cire shi daga inda ake saukewa. Duk wanda ya zo wurina sai na nuna masa, har yanzu ban daina wannan halin ba. Ina nuna fitilun farko ɗaya bayan ɗaya, ina cewa dubi layin nan, sau ɗaya aka ja shi. In mun kusa babban titin, sai in karɓi wayata in ce caji ya yi ƙasa. Wannan matakin ni kaɗai nake buga shi, kuma ba na sauri, ko da igwa za ta tashi ban gama ba.