Rigar 'Yar Fari a Baje Kolin Kabo

Ban taɓa mantawa da ranar da muka je baje kolin sana'o'in mata a Kabo ba, wata Laraba bayan an gama girbi. Ku sababbin 'yan koyo nake ba wa labarin, don na lura wasunku ma bakinsu yana nauyi a gaban baƙi.

Lokacin ina wata na biyar a shagon Hajiya Tabawa da ke Gwarzo, inda ake ɗinkin kayan amare da surfani, wato adon zare da ake yi wa wuyan riga da allura. Hajiya ce a sama, sai Anti Larai mai yanka, sai masu keken ɗinki, mu 'yan koyo a ƙarshe. Koyon wata shida ne. In ya cika, wadda wani ya nemi aikinta da sunanta ita ake ba wa kujera, sauran a sallame su da addu'a. Ni kuwa daga Kutama nake zuwa kullum da goyo, kuma uwar mijina ta riga ta ce in ban samu kujera ba in zauna gida, jigilar mota ta ishi yarinya haka nan.

Tun a mota Hajiya ta ja mana kunne. Ta ce, "Yau ba sayarwa ce ta kai mu ba, sanin mutane ne. Ku gaisa, ku faɗi sunanku, ku nuna aikinku, ku karɓi lamba." Na yi ta maimaita abubuwan nan huɗu a zuciyata har muka isa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya wata mata mai tabarau ta tsaya a teburinmu. Anti Larai ta raɗa mini cewa Hajiya Asabe ce daga Kano, ita ke haɗa wa masu shirya fim kayan sawa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, amma na ga idonta ba a kan teburin yake ba. Rigar yarinyar da ke cinyata take kallo. Ni na yi mata surfanin wuyan, da zanen da kakata take yi wa ƙwaryar nono.

"Masha Allah. 'Yarki ce?"

A gidanmu, da yake asalinmu makiyaya ne, uwa ba ta amsa 'yar fari a gaban manya, ko sunanta ba ta kira. Na sunkuyar da kai na ce, "Ta gidanmu ce."

"Wa ya yi wannan aikin?"

"A gida aka yi, Hajiya."

Ta ce, "To, ki gaya wa uwarta hannunta yana da kyau. Da tana nan da mun yi magana." Ta shafa kan yarinyar ta wuce teburin gaba.

Anti Larai ta bari sai da matar ta yi nisa, sannan ta juyo kaina. "Ke Rakiya, arziki ya zo har gabanki kin ce masa matar gidan ba ta nan? To wace ce uwar, ni?" Sauran 'yan koyo suka kwashe da dariya. Ni hawaye ne ya cika mini ido, don na san kujerata ce ta wuce.

Na kasa cin abinci. In je in ce "'yata ce" bakina ba zai iya ba, in zauna kuma shi ke nan. Bayan an yi azahar na ga Hajiya Asabe ta idar da sallah tana zaune a tabarma a gindin darbejiya. Na ɗauki ƙyallen shadda da allura da zare baƙi, na je na zauna gefenta na sake gaishe ta. Sai na fara ɗinki. Layin farko ya karkace, na warware na sake. Tana kallona har na fitar da gida uku na zanen. Ana cikin haka yarinyar ta farka da kuka, na juyo da ita na sa ta cikin hijabi ina ba ta nono.

Hajiya Asabe ta cire tabarau ta yi dariya har da tafa hannu. "Au, 'yar fari ce! Allah ya shirye ni, ni ma 'yar fari ce, har innata ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba. Ya sunanki?"

"Rakiya, daga shagon Hajiya Tabawa."

"To Rakiya, kunyar 'ya na gane ta. Amma rigar ma 'yar fari ce?"

Na ce, "A'a Hajiya, ni na yi."

Ta karɓi lambata, ta kira nan take don tata ta fito a wayata. Kafin ta tafi ta je ta gaisa da Hajiya Tabawa, ta ce tana son wuyan riga biyu na gwaji, kuma na Rakiya take so. Da wata shida ya cika aka ba ni kujerar da ke kusa da taga, har yau a kanta nake.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan baƙo ba ya da lokacin bincike. Yana da tebura da yawa a gabansa, abin da kika gaya masa shi zai tafi da shi. Manyan kuma ba dodanni ba ne, yawancinsu gida irin namu suka fito. Har gobe ba na kiran sunan yarinyar nan, kuma ban ce ku yar da tarbiyyar gidajenku ba. Amma in an ɗaga riga an tambayi wadda ta yi, ki ɗaga kai ki ce ke ce.